Kewar Jos ta da: Abin da ya durƙusar da ƙungiyoyin ƙwallonta da darasin da ke ciki ga Lafiya

Lafiya — Duk wanda ya saba zama a majalisun dattawa a garin Lafiya, ko a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, ya san yadda hirar ƙwallon ƙafa ke rabuwa gida biyu. Matasa kan ja ta zuwa Ingila da Sifaniya, su kuwa masu furfura sai su karkata ta zuwa Jos. Daga nan sai a fara jin sunayen Mighty Jets da JIB, da filin wasa na cikin gari, da silimar Kwararafa, da babbar kasuwar Taminus kafin gobara ta cinye ta.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma wannan kewa ta wuce ƙorafin tsufa. A cikinta akwai tarihin yadda birni ke gina ƙungiyar wasa, da yadda yake rasa ta. Tarihin ya shafi Jihar Nasarawa kai tsaye, domin a yau tana tsaye a kusa da inda Jos ta taɓa tsayawa: ƙasa mai ma'adinai, kamfanoni na shigowa, ga kuma dubban matasa masu son ƙwallo.

Me ya haɗa Lafiya da Jos?

Ga wanda aka haifa bayan 1996, tambayar tana da ma'ana. Daga 1967 zuwa 1976 Lafiya na cikin Jihar Binuwai-Filato, daga 1976 kuma tana cikin Jihar Filato, kuma a duk tsawon wannan lokaci Jos ce hedikwata. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni.

Ke nan kusan shekaru 30 mutumin Lafiya ko Keffi ko Akwanga ko Doma ya yi yana kallon Jos a matsayin birninsa. Can ma'aikaci ke bin takardar ƙarin girma, can ɗalibi ke neman gurbin karatu, can ɗan kasuwa ke saro kaya. A bi ta Akwanga, a haura Hawan Kibo, a shiga sanyin Filato. Akwai kuma jirgin ƙasa, wanda layinsa ya taso daga Fatakwal ya ratsa Makurɗi da Lafiya zuwa Kafancan, daga can ya haɗe da Jos. Wanda ya je aikin ofis ranar Juma'a yakan kwana domin ya kalli wasan Asabar.

Akwai wata alaƙar da ta fi wannan kusa. Attajirin da ya ɗauki nauyin Mighty Jets a zamanin tashenta, Alhaji Isyaku Ibrahim, ɗan asalin Wamba ne, wadda a yau take cikin Jihar Nasarawa. Shi ya sa dattawan wannan yanki ke ambaton ƙungiyar da bakin mai abu.

Birnin da kuza ta gina

Ba za a fahimci ƙwallon Jos ba sai an fara da kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa tsaunukan Filato domin haƙar ta. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin, a 1927 kuma babban layi ya iso Jos. Kamfanoni irin su ATMN suka kafa sansanonin lebura a Bukur da Barikin Ladi da kewaye, daga baya aka gina masana'antar narka kuza a Makeri a farkon shekarun 1960.

Aikin ya jawo mutane daga kowace kusurwa: Hausawa daga Kano da Katsina da Bauchi, Ibo da Yarabawa da Urhobo daga kudu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere da sauran al'ummomin yankin. Inda ma'aikata suka taru, albashi na shigowa a ƙarshen wata, ga ranar hutu a mako, to wasa yakan samu gindin zama. Kamfanoni da hukumar jirgin ƙasa da makarantun mishan suka share filaye, yara suka taso da ƙwallo a ƙafa. Segun Odegbami, wanda ya ci kofin Afirka da Nijeriya a 1980, a Jos ya tashi, kuma a kwalejin St. Murumba ya yi karatu.

Tun farkon shekarun 1950 ƙungiyar da ke wakiltar Filato ta riƙa kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Legas. Sai dai sau da yawa ta je, kuma kowane karo ta dawo hannu rabbana, har magoya baya suka fara cewa akwai bakin da ke bin Jos a wannan kofi.

Shekarar 1972

An kafa Mighty Jets a 1970, wato shekarar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Bayan shekaru biyu, a 1972, aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, kuma Mighty Jets ce ta fara ɗaga kofin. Wannan tarihi ne da ba mai iya ƙwace wa Jos shi.

A wannan shekarar ce kuma aka yi wasan da har yau dattawa ba su gama muhawara a kansa ba. A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Legas, Bendel Insurance ta Benin tana gaba da ci biyu da nema, lokaci na gab da cika, sai Sam Garba Okoye ya farke duka biyun. Ƙwallo ta uku da Jets ta jefa a raga alkalin wasa bai karɓa ba, aka tashi biyu da biyu. Aka sake wasan a Ibadan, Bendel ta yi nasara da ci uku da biyu. A 1974 Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke ta da ci biyu da nema.

Sunayen 'yan wasan ƙungiyar kaɗai sun isa su nuna irin birnin da ya haife ta: Ismaila Mabo, Baba Otu Mohammed, 'yan gidan Atuegbu, da shi kansa Sam Garba Okoye, wanda sunansa ya haɗa arewa da kudu a mutum ɗaya. Okoye ya wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta 1968, ya kuma rasu a haɗarin mota a 1978. Mabo daga baya ya horar da Super Falcons har ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta mata a 1999. Ya rasu a 2023.

A 1975 aka samu wata ƙungiyar, JIB Strikers, mai ɗauke da sunan kamfanin JIB da ke sarrafa barasa a Jos. Ita ce a 1991 ta koma Plateau United a hannun gwamnatin jiha, kuma ita ce a 1999 ta karya wancan bakin, ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki Kofin Ƙalubale.

Ranar wasa, ranar ciniki

Idan dattijo ya ce yana kewar Mighty Jets, mai sauraro ya kamata ya gane cewa yini guda cur yake kewa. Ranar wasa a filin cikin gari, wanda yanzu ake kira filin Rwang Pam, tana farawa ne tun da hantsi. Direbobin tasha da 'yan kamasho su samu lodi, masu tsire da masu rake da 'yan talla su kewaye filin, wanda bai samu shiga ba ya manna kunne a rediyo. Da yamma a wuce silima, Kwararafa ko Rex, a kalli fim ɗin Indiya ko na 'yan Cana. Washegari a nemi jaridar Nigeria Standard, wadda gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa a 1972, a karanta yadda aka kaya. Baƙi masu hali su sauka a otal ɗin Hill Station.

Kuɗin da ke zagaya wannan da'ira daga wuri ɗaya suke fitowa: aljihun ma'aikaci. Shi ke sayen tikiti, shi ke sayen tsire, shi ke cika silima. Kamfanin da ke biyansa albashi shi ne kuma ke ɗaukar ɗan wasa aiki, ya sa sunansa a takardar albashi a matsayin akawu ko ma'ajin sito, ya ba shi damar atisaye da yamma. Inda ba kamfani ba ne, attajiri ne wanda dukiyarsa ta dogara da wannan kasuwa. Ƙungiyar ƙwallo a wancan zamani reshe ce, kamfani ne gindin bishiyar.

Yadda gindin ya bushe

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa huɗu ne suka haɗu, ɗaya na bin ɗaya.

Na farko, kuza ta faɗi. Tun shekarun 1970 haƙar ta fara ja da baya, domin wadda ke kusa da doron ƙasa ta yi ƙaranci, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. A watan Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, bayan majalisar ƙasa da ƙasa da ke tallafar farashinta ta kasa biyan basussukanta. Farashi ya zube, manyan kamfanoni suka naɗe tabarma, suka bar wa Filato ɗaruruwan kududdufai.

Na biyu, shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira. Kayan gyaran injina da ake shigowa da su suka yi tsada, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata. Kamfanin da ke rage ma'aikata ba zai ci gaba da ciyar da 'yan ƙwallo ba. A 1990 kuma aka fara gasar ƙwararru, wadda ta buƙaci a biya ɗan wasa a matsayin ɗan wasa, ga kuɗin sa hannu, ga tafiye-tafiye. Nauyi ya ƙaru a daidai lokacin da masu ɗaukarsa suka raunana.

Na uku, kallo ya bar fili ya koma akwati. Bidiyo ya shiga gidaje, silima ta rasa masu shiga. Tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Firimiyar Ingila, wadda aka fara a 1992, gidajen kallo suka cika unguwanni. Da ɗan abin da bai kai kuɗin mota zuwa filin wasa ba, matashi zai zauna a benci ya kalli fitattun 'yan wasan duniya.

Na huɗu, kuma mafi ciwo, shi ne zaman lafiya da ya samu tangarɗa. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, da waɗanda suka biyo baya, sun raba unguwannin Jos, har mutum ya fara lissafin inda zai taka da inda ba zai taka ba. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin zamani na Afirka ta Yamma. Gwamnatoci sun sha alkawarin sake gina ta. Filin wasa da kasuwa su ne wuraren da kowa ke gogayya da kowa ba tare da tambayar addini ko ƙabila ba, kuma rauninsu ya rage wa birnin wuraren haɗuwa.

Mighty Jets ba ta mutu ba, amma ta shafe shekaru masu yawa a ƙananan rukunai. Jos kuma ba ta daina haifar 'yan wasa ba: Mikel Obi ya bi ta Plateau United, Ahmed Musa ya bi ta ƙungiyar JUTH kafin Kano Pillars. Abin da ya sauya shi ne yaro mai baiwa yanzu hanyar fita yake nema tun kafin garinsu ya gama saninsa.

Ba Jos kaɗai ba

Irin wannan labari ya maimaita kansa a sauran biranen arewa. A Kano, Raccah Rovers, wadda sunanta ke tuna wa Kanawa gidan Raccah na cinikin gyaɗa, ta ci gasar lig a 1978. A shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya buga a cikinsa. Yau babu ita, kamar yadda babu dalar gyaɗa. Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta samu ne daga haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da ta Bankin Arewa.

A Kaduna, ƙungiyar DIC Bees ta masana'antar ƙera makamai ce ta koma Ranchers Bees a hannun Alhaji Muktar Aruwa. Ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ci kofin WAFU a 1989, kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya fito. Masaƙar UNTL ma tana da tata ƙungiyar. Da masaƙun Kakuri suka rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007, unguwar ta yi tsit.

A maƙwabciyar Nasarawa ta kudu, BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1989 a ƙarƙashin Shuaibu Amodu, karo na farko da kofin ya zo arewa tun bayan nasarar Kano a 1953. A 1990 ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka, a 1994 ta ci lig. Da kamfanin ya shiga mawuyacin hali a ƙarshen shekarun 1990, zakin ya kwanta.

A Turai ma akwai ƙungiyoyin da masana'antu suka haifa. Ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa Arsenal a 1886, PSV ta Holan kuma ta fito ne daga kamfanin Philips a 1913. Bambancin shi ne waɗannan sun samu lokacin yaye kansu. Sun mallaki fili, sun tara mambobi masu biyan kuɗi, sun koyi sayar da tikiti da riguna da haƙƙin nuna wasa. Namu kuwa an yaye su ne da rana tsaka, ranar da uban gida ya faɗi.

Abin da kewa ke ɓoyewa

Adalci ne a faɗi cewa zamanin bai kasance zuma zalla ba. Kuzar da ta gina Jos an haƙe ta da gumin lebura masu ƙaramin lada, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan mulki sun tilasta wa dubban talakawa aikin dole a ramukanta. Gonaki da dama sun lalace har abada. 'Yan wasa da yawa da aka yi wa tafi a wancan lokaci sun tsufa ba fansho, ba gida, wasu sai da aka yi musu gidauniyar kuɗin magani. Mai kewa yakan tuna tafin, ya manta da wannan.

Haka kuma dogaro da attajiri ɗaya bai daina zama haɗari ba. Giwa FC ta Jos, mai zaman kanta, ta yi tashe na ɗan lokaci, a 2016 aka kore ta daga babbar gasa bayan ta kasa halartar wasanni uku.

Ina Lafiya ta tsaya?

Nasarawa United, wadda aka kafa a 2003 a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, 'yar sabon tsari ce: gwamnati ce uwa, gwamnati ce uba. Ta yi abin a zo a gani. A 2006 ta zo ta biyu a lig a bayan Ocean Boys, ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka a 2007. A 2016 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, FC Ifeanyi Ubah ta doke ta a bugun fenareti. Ƙungiyar mata ta Nasarawa Amazons ta ci lig a 2013 da 2017. Abin lura shi ne Ocean Boys da Ifeanyi Ubah, waɗanda suka sha gaban Nasarawa United a waɗancan shekaru, dukkansu sun ɓace daga babbar gasa. Lalitar gwamnati ta hana ƙungiyar Lafiya irin wannan ƙarshe.

Sai dai ita ma gwamnati uban gida ɗaya ce. Kasafin kuɗi kan sauya, gwamna kan sauya, ra'ayi kan sauya. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin shiga nata tana nan a matsayin reshe, an dai sauya mata bishiya ne.

Laƙabin Nasarawa United, Solid Miners, daga ma'adinan jihar aka ɗauko shi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyom a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Akwai gonar shinkafa ta Olam a Rukubi da ke Doma, da aikin sukari na Dangote a Tunga da ke Awe. Wannan shi ne irin lokacin da Jos ta samu kanta a ciki sa'ad da kuza ke da daraja, kuma litiyom ma farashinsa a kasuwar duniya ake yanke shi, yana hawa yana sauka.

Tarihin Jos ya nuna abin da ya dace a nema tun kasuwa na ci. Kamfanonin da ke cin arzikin ƙasa su saka hannu a wasanni, amma ta hanyar abin da zai rayu bayan tafiyarsu: filaye a unguwanni da makarantu masu takardar mallaka da sunan al'umma, gasar makarantun sakandare, da horar da masu horarwa. Ƙungiya ta samu masu tallafi da yawa maimakon ɗaya, ta yi rajistar magoya baya masu biyan kuɗin shekara, ta bayyana abin da ta samu a ƙofa da abin da ta samu a cinikin 'yan wasa. Nasarar da Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta da ke da filinta da makarantar renon yara a Ikenne, ta samu a gasar 2025 ta nuna cewa ana iya hakan a Nijeriya.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, illa gaggawa. Mutanen da suka kalli Sam Garba da idonsu suna raguwa kowace shekara. Hotuna da tikitoci da tsofaffin riguna suna cikin akwatunan gidaje, gara na ci. Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suna da sassan tarihi da ɗaliban da ke neman abin bincike. Naɗar muryar dattawan nan aiki ne da waya ɗaya za ta iya yi.

Matashin da ke zaune a gidan kallo a Lafiya yau, sanye da rigar wata ƙungiyar Landan, shi ma wata rana zai yi furfura, a tambaye shi yadda garinsu yake a zamaninsa. Abin da zai samu ya faɗa ya danganta da abin da aka gina a filin wasa na Lafiya da kewayensa a waɗannan shekaru da ma'adinai ke da kasuwa.